Ƙirƙirarriyar Basira a Makarantu: Inda Riba Take da Inda Asara Take

ABUJA — Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da manhajar ChatGPT, ɗalibi na iya samun amsar aikin gida ba tare da ya wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba. Wannan al'amari ya shafi masu makarantun kuɗi a Abuja, haka kuma ya shafi 'yan kasuwar da za su ɗauki ɗaliban aiki nan gaba.

Gwaje-gwaje biyu da aka bayyana sakamakonsu sun nuna inda matsalar take. A ƙasar Turkiyya, masana daga Jami'ar Pennsylvania sun gwada ɗaliban sakandare kusan 1,000 a darasin lissafi. Waɗanda aka sakar wa manhajar sun zarce takwarorinsu da kashi 48 cikin 100 wajen aikin aji, amma da aka zo jarrabawa babu ita, sai suka kasa su da kashi 17 cikin 100. Rukunin da aka ba manhajar da ke nuna hanya kawai, ba ta ba da amsa, bai yi irin wannan faɗuwa ba.

A Jihar Edo kuwa, cikin 2024, Bankin Duniya ya tallafa wa wani shiri na mako 6, inda ɗalibai suka koyi Turanci da manhaja a ƙarƙashin kulawar malamai. Sun fi takwarorinsu a jarrabawar da aka rubuta da hannu.

Bambancin dai shi ne wanda ya yi tunanin: ɗalibi ko na'ura. Manhajar takan kawo alƙaluman ƙarya, kuma akawun da bai ƙware a lissafi ba, ba zai gane kuskuren ba sai kamfani ya tafka asara.

Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira a Abuja ƙarƙashin hukumar NITDA cikin 2020. Hukumar UNESCO kuma ta ba da shawara a 2023 cewa kada yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da irin wannan manhaja a aji.

Saboda haka ya kamata mai makaranta ya fara kashe kuɗi wajen horar da malamai kafin sayen manhaja. Shi kuma mai ɗaukar ma'aikata ya gwada mai neman aiki da takarda da alƙalami, domin kayan aro ba ya rufe katara.