Zaman Jirgi a Kan Anga

Masu yawon duniya a ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, ba kullum suke tsakiyar teku ba. Yawancin kwanakinsu a tsaye suke yin su, a wani lungun teku mai kariya daga igiyar ruwa, jirgin yana riƙe da anga. Kudancin tsibirin Girenada, a yankin Karibiyan, wuri ne mai kyau na ganin irin wannan zama. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a Tekun Atilantika, kuma da yake Girenada tana can kudu, gefen hanyar da guguwar ta fi bi, jirage kan cika lungunan Prickly Bay da Woburn su yi watanni.

Anga ita ce tushen komai

Ba nauyin anga kaɗai ke riƙe jirgi ba. Bakinta ne ke nutsewa cikin yashi ko laka, kuma ba za ta kama ba sai an ja ta a kwance. Shi ya sa ake sakin sarƙa mai tsawo, galibi ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwan. Inda zurfi ya kai mita 6, sai a saki kamar mita 30. Daga nan matuƙi ya sa inji baya a hankali har sarƙar ta miƙe. Wanda ke gaba kan ɗora tafin ƙafarsa a kan sarƙar: idan ya ji tana karkarwa, anga na jan ƙasa ke nan, sai a ɗago a sake, idan ta yi tsam, ta kama. Inda ruwa ke da haske, wasu kan sa gilashin ninkaya su nutsa su gani da idonsu. Ana kauce wa murjani da ciyawar teku, don sarƙa na lalata su.

Jirgin da ke kan anga kamar akuya yake a turke: yana zagaye iyakar tsawon igiyarsa, hancinsa na fuskantar iska. Saboda haka sabon zuwa dole ya bar wa maƙwabta fili, kuma al'adar matuƙa ita ce wanda ya riga sauka shi ke da wuri. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun ce jirgin da ke kan anga ya rataya baƙar ƙwallo da rana, ya kunna farar fitila mai haska kowane ɓangare da dare.

Lissafin wuta da ruwa

Abin da mai jirgi ke fara dubawa da safe shi ne batir. Babu wayar lantarki daga tudu. Abin da farantan sola da ɗan injin iska suka tara shi za a ci. Firij ne ya fi shan wuta, sai fanka da kwamfuta da na'urar intanet. Idan hadari ya rufe rana kwana biyu, sai a tada inji ko a kashe wani abu.

Ruwan sha ya fi wuta tsada. Jirgi mai tsawon mita 12 kan ɗauki 'yan ɗaruruwan lita ne kawai. Ana wanke kwanuka da ruwan teku, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Wanka ma haka: a faɗa teku, a fito, a watsa kofi biyu ko uku don cire gishiri. Masu hali suna da injin tace ruwa, wanda ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin matata mai hana gishiri wucewa. Ƙananansu kan ba da kamar lita 30 a awa. Sauran kuwa jarka suke ɗauka zuwa gari, ko su shimfiɗa tamfol su tari ruwan sama.

Unguwa a kan ruwa

Da safe ana buɗe rediyon oba-oba, mazauna lungun su saurari hasashen yanayi, su yi wa baƙi maraba, su ji wanda ke sayar da tsohon famfo da wanda ke neman makaniki. Zuwa tudu kuwa sai da ƙaramin kwalekwalen roba mai inji. Da shi ake kai shara, a cika tukunyar gas, a kama motar haya zuwa kasuwar St. George's a sayo ayaba, kifi da gyaɗar ƙamshi, wadda tsibirin ya yi suna a kanta. Cefanen da mutumin gari zai gama cikin awa guda kan cinye rabin yini.

Ragowar yinin na gyara ne. Gishiri na cin ƙarfe da wayoyi, rana na cin zane da igiya, ƙananan halittun teku kuma na manne wa ƙasan jirgi, sai an nutsa an kankare su. Yara da ke cikin jiragen kan yi karatu da safe a teburin cin abinci, iyaye ne malamansu.

Dare

Da la'asar maƙwabta kan ziyarci juna, amma ana kwanciya da wuri. Kafin barci a ɗaga kwalekwale saboda ɓarayi, a saita ƙararrawar da za ta yi kuka idan jirgi ya fita daga da'irarsa. Iska mai ruwa kan taso da tsakar dare, sai ka ga tocila na walƙiya a jirage, kowa na duba ko shi ne ke tafiya ko maƙwabcinsa ke matsowa.

Kariyar Girenada ma ba tabbas ba ce. Guguwar Ivan ta afka mata a Satumban 2004, Beryl kuma ta ragargaza tsibirinta na Carriacou a Yulin 2024, har da jirage masu yawa da suka ɓuya a can. Don haka duk wanda ya san aikinsa yakan bar tankin mai a cike da filafilai a shirye, domin idan hasashe ya ɓaci ya ɗago anga ya nufi Tirinidad, tafiyar dare guda zuwa kudu.