HORAR DA KUNNE DON JARRABAWAR SAURARON KIƊA DA WAƘA

A cikin jarrabawar darasin kiɗa da waƙa ta Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, akwai takarda guda da ta sha bamban da sauran. Ita ce takardar sauraro. Ba littafi ake buɗe wa ɗalibi ba. Ana kunna masa sauti ne, a maimaita sau kaɗan, shi kuma ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Ɗalibai da dama masu ƙoƙari sukan yi tuntuɓe a nan, domin suna shirya mata kamar yadda suke shirya wa Tarihi ko Labarin Ƙasa, wato da hadda a makon ƙarshe. Kunne kuwa ba ya karɓar hadda. Horo yake so, kaɗan kaɗan, kowace rana.

Abin da muka riga muka samu a gida

Kada ɗan Yauri ko Ngaski ko Shanga ya ce shi ba shi da kunnen waƙa. Duk mai jin Hausa yana rarrabe hawa da saukar murya tun yana ƙarami. Ku faɗi "kuka" na hawaye, sa'an nan ku faɗi "kuka" ta miya. Haruffan ɗaya ne, amma a na farko murya tana tsayawa a sama, a na biyu kuwa tana sauka a gaɓar ƙarshe. Haka "kai" na mutum da "kai" na bisa wuya. Da wannan hawa da sauka ne makaɗin kalangu yake kiran sunan mutum, mutumin kuma ya waiwayo. Haka nan luguden mata a bakin turmi, da yadda matuƙa kwalekwale suke tsoma filafili tare a ranar Rigata, duk awon lokaci ne. Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawan bakin Tafkin Kainji kowa da irin kiɗansa, mu kuma a cikinsu muka tashi. Saboda haka jin yana nan. Abin da ya rage shi ne ɗalibi ya iya ba kowane sauti sunansa, ya kuma sa shi a takarda.

Matakalar sauti

Kayan aikinmu na farko shi ne solfa: do, re, mi, fa, so, la, ti, do. Asalin sunayen daga Guido na Arezzo ne, wani malamin waƙa a ƙasar Italiya a ƙarni na 11. A ƙarni na 19 Sarah Glover da John Curwen suka gyara tsarin a Ingila don koya wa jama'a waƙa cikin sauƙi, daga can kuma ya iso ikkilisiyoyi da makarantun ƙasarmu. Shi ne 'yan kwaya suke rubutawa d r m f s l t.

Ga wurin da ya kamata a lura. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, kusan do, re, mi, so, la. Matakalar Turawa tana da bakwai, kuma tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do, rabin mataki ne kawai. Kunnen da ya saba da biyar yakan ji fa ya ɗauka mi ne, ya ji ti ya rubuta do ko la. Maganinsa shi ne a ware waɗannan wurare biyu a yi ta rera su a hankali: mi fa mi, do ti do, so fa mi. Wanda ya kama fa da ti ya ci rabin aikin rubuta karin waƙa.

Kafin a fara karin, akan buga sautin gida, wato do. Ku riƙe shi a zuciya kamar yadda matuƙi yake riƙe da alamar gaɓa in ya shiga tsakiyar ruwa. Kowane sauti daga do ake auna shi. In kun rikice a tsakiya, ku bar gurbi ku ci gaba, domin kari yakan komo gida a ƙarshe, daga nan sai a lissafa baya a cike gurbin. Ku kuma saba juya solfa zuwa rubutun layuka biyar, da alamomin da ake sawa a farkon layi.

Awon lokaci

A tambayar bugu, ana so a rubuta tsawo da gajartar sautuka kawai. A ji na farko kada ku taɓa fensir. Ku nemi bugun da ya fi ƙarfi, ku ƙirga har ya sake dawowa: biyu ne, uku ne, ko huɗu? A ji na biyu ku ja layukan raba gida, ku ɗiga alama ga kowane sauti. Sai daga baya ku mayar da su cikakkun alamomi. Awon 6/8 yakan ruɗe ɗalibai da 3/4, domin dukansu guntaye shida ne. Bambancin shi ne 6/8 kashi biyu ne, uku uku, 3/4 kuwa kashi uku ne, biyu biyu. Makaɗanmu sukan haɗa su a lokaci guda. Ku gwada: hannun dama ya buga uku a kan tebur yayin da na hagu yake buga biyu.

Muryoyi a haɗe

A nan ne 'yan kwaya suka fi kowa sa'a. Ana iya buga muryoyi biyu tare a ce a rubuta ta sama ko ta ƙasa. Kunne yakan bi ta sama da kansa, ta ƙasa kuwa sai an koya masa. Saboda haka mai rera sofrano ya riƙa zama kusa da masu alto ko bes a wurin koyo, ya bi layinsu a zuci.

Akwai kuma matsayar waƙa, wato yadda jimlar kiɗa take ƙarewa, iri huɗu. Cikakkiya ita ce daga haɗin so zuwa na do, kamar aya a ƙarshen magana. Ta biyu daga fa zuwa do, ita ce muke ji a "Amin" na ƙarshen waƙoƙin sujada. Ta uku tana tsayawa a kan so, kamar mai tambaya yana jiran amsa. Ta huɗu tana tashi daga so kamar za ta gida, sai ta faɗa kan la. In kuma kuka ji fa ya ɗaga rabin mataki ya zama fe, sau da yawa alama ce waƙa tana ƙaura, so na dā zai zama sabon do.

Kada a manta da gane kayan kiɗa da muryarsu. A san goge da molo da garaya, algaita da kakaki, kuntigin Ɗan Maraya Jos da kalangun Mamman Shata. A kuma saurari manyan ayyuka kamar Messiah na Handel, wanda aka fara rerawa a Dublin a 1742, da African Suite na Fela Sowande. Malamin darasi zai nuna ayyukan da manhajar shekarar ta zaɓa.

Tsarin kullum

Minti goma sha biyar kowace rana sun fi awa uku ranar Asabar. Ku zama biyu biyu: ɗaya ya rera gajeren kari ko ya tafa bugu, ɗaya ya rubuta, sa'an nan ku yi musaya. Ku ɗauki waƙar da kuka sani tun yarinta ku rubuta solfarta, ku duba a kan molon Turawa na majami'a ko wanda ake sawa a wayar hannu. Ku kuma kiyaye kunnuwanku. Ƙarar injin jirgin ruwa da ta janareta da abin sawa a kunne suna dakushe ji. Wanda kunnensa yake ciwo ko yake zubar da ruwa bayan wanka a kogi ya je asibiti tun da wuri, kada ya soka tsinke ko gashin kaza.

Muna roƙon iyaye, in kun ji yaro yana ta do re mi a tsakar gida, kada ku ce wasa yake yi, karatu ne. Muna roƙon shugabannin kwaya su ba ɗalibai dama su taɓa kayan kiɗa bayan sujada. Ku kuma ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara tun zangon farko na ajin ƙarshe, ko ma kafin nan. Allah ya ba da sa'a.