Dalilin Da Ke Sa Kujerar Roba Da Fenti Yin Gari A Rana

Duk ɗan kasuwar da ke baje haja a fili, daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, ya san wannan asara. Kujerar roba fara tas, ta yi 'yan watanni a rana, kana shafa ta sai hannunka ya fito da farin gari, daga baya ta tsage. Mai saye ya ce tsohuwa ce, ya karya kuɗi. Haka ma fentin ƙofar kanti yake yi.

Ba zafi kaɗai ke da laifi ba. Farin da ke cikin yawancin fenti da roba wani gari ne mai suna titaniyam dayokisaid. Kowace ƙwayarsa a jere take kamar ginin tubali, amma a jikinta na waje ba a rasa giɓi, wato gurbin da oksijin ya fice ya bari. To, a nan gizo ke saƙa.

Cikin hasken rana akwai wani kaso mai ƙarfi da ido ba ya gani. Idan ya bugi ƙwayar, sai ya tayar da elektiron, 'yan mitsitsin da ke ɗauke da lantarki. Giɓin nan ke riƙe su, ya miƙa su ga iska da sinadaran da suka manne a wurin. Daga nan ake samun abubuwa masu ci, su dinga tsinka robar ko man fentin har farin garin ya fito fili.

A 1972 ne masana biyu na Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa wannan sinadari na iya raba ruwa da taimakon haske. Daga baya aka mai da cutar magani: a 2001 kamfanin Pilkington na Ingila ya fitar da gilashin da ke cinye dattinsa da kansa.

Garin da masana'antu ke amfani da shi iri biyu ne. Anatas ya fi ɓarna. Rutil, musamman wanda aka lulluɓe da alumina da silika, ya fi jure rana. Don haka mai sarin fenti ya tambayi dila: na ciki ne ko na waje? Mai kayan roba kuwa, ya baje samfuri ɗaya, sauran su zauna ƙarƙashin rumfa. Kuɗin zana bai kai asarar kujera goma ba. Allah ya ba da kasuwa.