KOWA YA SAYI RARIYA: Sayen Tsohon Gida A Tsakiyar Gari

Shekara uku ke nan da wani aminina, tsohon malamin makaranta wanda ya daɗe yana zaman haya a Sabon Gari nan Keffi, ya karɓi kuɗinsa na sallama daga aiki, ya yi abin da ya sa 'yan'uwa da abokan arziki suka riƙe baki. Maimakon ya nemi fili a bakin hanyar Abuja ya kafa bulo kamar kowa, sai ya shiga cikin gari ya sayi wani tsohon gidan ƙasa mai zaure da shigifa, wanda magada suka sa a kasuwa. Da ma dillalin ya ɗauka rushewa zai yi, ya jera ɗakunan haya na 'yan jami'a, don haka ya yi masa lissafin abin da zai riƙa samu kowace shekara tun kafin a tambaye shi. Shi kuwa Malam ya ce ba fili ya saya ba, gida ya saya, kuma a ciki zai zauna.

To, mai karatu, wayo ya yi ko wauta? Amsar ba ta fito sarari ba sai mun duba abu uku, watau abin da doka ta ce game da gidajen tarihi, da abin da ya kamata mutum ya bincika kafin ya biya kuɗi, da kuma irin hidimar da zama cikin gidan ke jawowa.

GARIN ABDU ZANGA

Keffi dai ba garin jiya ba ne. Abdu Zanga, wani Bafulatani daga ƙasar Katsina, shi ya kafa shi wajen shekarar 1800, kuma garin ya zauna ƙarƙashin Zazzau. A nan ne a cikin watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya nufi Kano wurin Sarki Alu, abin da Turawa suka riƙe ya zama ɗaya daga cikin hujjojinsu na cin Kano a 1903. Duk wanda ya ratsa Tudun Ƙofa ko Liman Abaji ko Unguwar Iya, a kan sawun wannan tarihi yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato a 1996, sa'an nan aka kafa jami'ar jiha a garin, sai ƙasa ta yi daraja. Tsakanin Keffi da Abuja bai fi mil talatin da 'yan kai ba. Ma'aikacin da hayar Abuja ta fi ƙarfinsa nan yake gangarowa, ɗalibi ma ɗaki yake nema. Saboda haka yau idan aka sa tsohon gida a kasuwa, mai saye ba ya kallon zaure ko zanen da ke bango, taku yake yi ya ga ɗaki nawa filin zai ci.

ABIN DA DOKA TA CE

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar gida ya tsufa shi ke nan ya zama na tarihi, gwamnati ce ke tsaronsa. Ba haka ba ne. Tun zamanin Turawa, a 1953, aka yi dokar kayan tarihi, daga baya Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta maye gurbinta, ta kuma kafa Hukumar Kula da Gidajen Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa. Gini ba ya shiga ƙarƙashin kariyar wannan doka sai an bi hanya, an sanar da mai shi, an buga a jaridar gwamnati. Gine-ginen da suka sami wannan matsayi a duk faɗin Nijeriya ba su da yawa. A Arewa akwai irin su Gidan Makama na Kano, da Hasumiyar Gobarau ta Katsina, da gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Yawancin tsofaffin gidajen garuruwanmu kuwa, har da na aminin nan nawa, ba abin da ke tsare da su sai kunyar mai gida da idon unguwa.

Idan kuwa gida ya shiga jerin, to, mallaka tana nan hannun mai shi, amma hannunsa ya ɗauru. Ba shi da ikon rushewa, ko sake fasali, ko haƙa, sai da yardar Hukumar, kuma wanda ya karya wannan doka tara ko ɗauri na jiransa. Wanda duk ya sayi irin wannan gida, har da wannan takunkumi ya saya.

A Ingila ma haka abin yake. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu suke rubuta tsofaffin gine-gine a jeri, kuma mai gidan da ke cikin jerin sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma kafin ya sake ko da tagogi ne. Sai dai Faransa ta ƙara da wata dabara, watau wanda ya gyara tsohon gida a unguwar da aka keɓe, gwamnati kan sassauta masa haraji. Sun gane cewa idan ka ɗaure wa mutum hannu, ya kamata ka sa masa abinci a baki.

DARASI DAGA LEGAS

Kada wani ya ɗauka takardar gwamnati ita kaɗai ta isa ta tsai da gida. Masu karatunmu na Ikko ba su manta da Ilojo Bar ba, wani bene mai fasalin ginin Barazil da ke dab da Dandalin Tinubu, a tsakiyar birni. An gina shi wajen 1855, iyalin Fernandez suka riƙe shi, har a 1933 aka sayar wa Alfred Omolana Olaiya. A 1956 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa. Duk da haka, ranar 11 ga Satumba, 2016, ana jajiberin Babbar Salla, mutane suka ga katafila ta baje shi. Ginin da ya yi shekara 160 a tsaye, rana ɗaya ta ishe shi.

Abin lura a nan shi ne, gida a tsakiyar birni yana zaune ne a kan ƙasa mai tsada. Idan ya lalace, gyara ya gagara, ga kuma masu kuɗi suna zawarcin filin, to, takarda ba ta iya riƙe shi. A wani gefen kuma, gidan Cif Ogiamien da ke birnin Benin, wanda ya tsira daga gobarar da ta cinye birnin lokacin harin Turawa na 1897, na ƙasa ne, kuma ya kawo zamaninmu domin zuriyar gidan ba su fita sun bar shi ba. Haka nan tsohon garin Agadas a Jamhuriyar Nijar, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba kango ba ne, mutane ne a ciki suna girki suna aurar da 'ya'ya. Gaskiyar Hausawa da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

KAFIN KA BIYA KUƊI

Da na tambayi Malam wace wahala ce ta fi ba shi tsoro a cinikin, sai ya ce ba ginin ba ne, magada ne. Tsohon gida a cikin gari da wuya ka same shi na mutum guda. Kaka ya gina, 'ya'ya suka gada ba a raba ba, jikoki suka watsu, wani yana Jos, wata tana aure a Lafiya. Idan mutum ɗaya ya sayar maka ba da sanin saura ba, rigima ka saya. Ban da haka kuma, a shari'ar Musulunci akwai hakkin shuf'a, watau abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon ya biya kuɗin da ka biya ya karɓi rabon da aka sayar maka. Saboda haka Malam bai ba da ko kwabo ba sai da aka raba gado a gaban alƙali, kowane magaji ya sa hannu, mai unguwa da dattawa suka shaida.

Na biyu shi ne takardun ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun Gwamnan Jiha, kuma wanda ke da takardar shaidar mallaka ba zai mai da ita ga wani ba sai da yardar Gwamna. Gidajen cikin gari da yawa ba su da wata takarda sai shaidar maƙwabta. Ya kamata mai saye ya sa a auna, a fitar da iyaka, musamman inda katanga ɗaya ta haɗa gida biyu, ya kuma bincika ko akwai shirin faɗaɗa hanya da zai ci zauren. Idan gidan na cikin jerin Hukumar, ko yana jingine da ganuwa ko fada ko tsohon masallaci, sai a nemi bayani a rubuce tun kafin a yi ciniki.

Na uku, ka tafi da magini, kuma maginin ƙasa, ba birkila ba. Shi ne zai ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta cinye cikinta, ya duba gindin bango inda ruwa ke zaizaya, ya hau sama ya ga indararo. Idan da hali, a je ganin gida a watan Agusta, lokacin da ba ya iya ɓoye aibinsa.

ZAMA A CIKI

Daɗin gidan ƙasa sai wanda ya kwana a ciki. Bangon tubali mai kauri yakan riƙe zafin rana ya hana shi shiga, ya sake shi da dare. A watan Maris, lokacin da ɗakin bulo mai rufin kwano ke zama kamar tanda, Malam yana ƙailula a zaure ba ruwansa da ko an kawo wuta. Kasuwa kusa, masallaci kusa, idan ya yi tari da dare maƙwabci ya ji.

Amma fa kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ruwan Keffi ya fi na Kano yawa, damina kuma ta fi tsawo, ga shi gidan ƙasa ba ya yafe sakaci. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo don kada ruwa ya bi bango. Da can magina kan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, su dafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Yau marina sun yi ƙaranci, giginyar da ake tsaga azara ta yi nisa, masu sanin ɗaurin guga da bakan gizo kuma tsufa ya kama su, 'ya'yansu sun koma bulo ko acaba.

Malam da kansa ya yi kuskure a shekarar farko. Wani birkila ya ba shi shawara ya shafe bangon waje da siminti ya huta da yaɓe. Damina ɗaya siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe, sai ga shafen ya ɓamɓaro kamar ɓawon rogo, har ya ɗebo bango. Ƙasa tana son ta sha iska ta bushe, siminti kuwa toshe ta yake yi. Sai da ya nemo wani tsohon magini daga ƙauye ya sake aikin da jar ƙasa da ciyawa.

Akwai kuma rigimar cikin gida. Uwargida tana son famfo da makewayi na zamani, yara suna son tagogi manya, mota kuwa ba ta shiga lungun. Sulhun da suka yi shi ne, aka gina bayan gida da madafa na bulo can ƙuryar tsakar gida nesa da tsohon bango, aka ja wayar lantarki a fili ba tare da an sassaƙe bango ba, zaure da shigifa kuma aka bar su yadda aka same su. Shi da yake gidansa ba ya cikin jerin gwamnati, shawara tsakaninsa da iyalinsa ta ƙare. Da yana ciki, ko wannan sai ya nemi izini.

KIRA GA HUKUMA DA MASU HALI

Wannan magana ba ta ado ba ce kawai, har da rai a ciki. A watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Tsohon gini idan ba a duba shi, haɗari ne ga na ciki da na waje.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Nasarawa da Majalisar Masarautar Keffi su sa a zaga unguwa-unguwa a rubuta tsofaffin gidajen da suka rage, a ɗauki hotunansu da tarihinsu daga bakin dattawa tun suna raye. Wanda ya yarda ya riƙe gidansa yadda yake, a sassauta masa kuɗin ƙasa da na takardu. A kuma ɗauki tsofaffin magina su koya wa samari a makarantun koyon sana'a, domin ranar da maginin ƙarshe ya kwanta dama, ko an kawo kuɗi buhu-buhu ba mai ɗaura guga.

Shi kuwa mai niyyar saye, ya auna aljihunsa da haƙurinsa. Idan riba yake nema ta gaggawa, ga filaye nan a bayan gari, ya bar wa tsohon gida mai iya masa. Ranar da na je wurin Malam na ƙarshe, na tarar da shi ya naɗe ƙafar wando, shi da jikansa suna cuɗa ƙasa, hadari kuwa ya fara haɗowa daga gabas. Ya ce in zauna a dakali in jira shi, don ruwa ba ya jiran baƙo ya tafi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana, amin.