Dajin Da Ke Ƙarƙashin Tafkin Kainji

A wata tungar masunta da ke gaɓar Tafkin Kainji, kudu da Yauri, aikin farko bayan sallar asuba shi ne ɗaga kalli, na biyu kuwa ɗinkinsa. Da hantsi za ka tarar da maza a ƙarƙashin rumfa, kowa ya saƙala bakin raga a babban yatsan ƙafarsa yana toshe ɓarakar daren jiya, mata kuma suna jera kifi a kan banda. In ka tambayi abin da ya yaga ragar, amsa ɗaya ce: kututture.

Kututturan nan sun girmi yawancin mutanen tungar. A shekarar 1968 aka toshe Kogin Kwara a Kainji domin samar da wutar lantarki. Ruwa ya taru ya shanye tsohon garin Bussa da gonaki da ƙauyuka, har aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. An share wasu sassan dajin kafin ruwa ya iso, sauran kuwa a tsaye ruwa ya rufe su, da ɗorawa da tsamiya da ƙirya da giginya. Ganyaye da ƙananan rassa sun ruɓe tun tuni. Amma itacen da ya nutse ba ya shan iska, gara ma ba ta kai gare shi, shi ya sa ga su nan daram bayan shekara hamsin da ɗoriya.

Dattawan Sarkawa ba sa mantawa da shekarun farko. Ruɓaɓɓen ganye ya zame wa ruwa taki, kifi ya yi ta hayayyafa, faliya ta cika jirage, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa suna kafa tungaye. Da takin ya ƙare, masu kamu kuma suka yawaita, sai kasuwa ta ja baya.

Duk da haka, har gobe inda itace yake a nan kifi yake. Gansakuka tana lulluɓe jikin kututture, tsutsotsin ruwa suna huda shi suna zama ciki. Karfasa tana zuwa kiwon gansakuka, ƙurungu da ragon ruwa suna fakewa a kogunan itacen, giwan ruwa kuma ya laɓe a gefe yana dakon ƙananansu. Masunci ya san da haka, don haka yake raɓar wurin da dabara. Ba ya jefa birgi a tsakiya, domin darmarsa za ta maƙale ya koma gida hannu rabbana. Gura yake nutsarwa a gindin itace da ɗan dusa a ciki, ko ya ɗaure igiyar ƙugiya daga wannan reshe zuwa wancan, kalli kuwa sai a baki-baki. Ko da hakan, iskar dare ɗaya ta isa ta tura raga cikin rassa, kuɗin kifin mako guda ya tafi a sayen zare. Mai son zuma dai ba ya gudun harbi.

Sanin wuraren nan gado ne. Yaro yana gaban jirgi da filafili, ubansa yana baya yana nuna masa: ka daidaita dutsen can da giginyar gaɓa, ka bi dama da su, hagu akwai tsamiya a kwance. Waɗanda suka ga ƙasar kafin ruwa ya zo sukan kira wuri da tsohon sunansa, su ce nan kasuwa ce, can gonar wane ce. Irinsu sun kusa ƙarewa.

Tafkin yana samun cika biyu, farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai tasowa daga can Gini ya iso da hunturu. In ruwa ya ja sosai, kawunan itatuwa suna fitowa fili, kowa ya kauce. In ya cika maƙil, jirgi ya wuce ta samansu lafiya. Tsakanin biyun ne haɗari yake, lokacin da ruwa ya rufe kan kututture da taƙi ɗaya ko biyu. Ɗan ƙaramin jirgin masunci yakan yi karo ya goce. Babban jirgin inji mai dawowa daga kasuwar Malale ko Warra da dare, shaƙe da mutane da buhuna, shi ne kan tsage.

Wannan ya sa direbobin jirage suke kiran a sare itatuwan kaf. Masu gura da ƙugiya ba su yarda ba, kuma suna da hujja. Dala, wato doguwar ragar nan da ake ja zuwa gaɓa tana kwashe manya da 'ya'yansu, ba ta jawuwa a cikin kututture. An hana ta a tafkin, amma itacen ya fi doka tsare kifin.

Abin da ya dace a bayyane yake. A share hanyoyin da jirage ke bi, a kafa musu alamun da ake gani ko da dare, a kuma nemi Sarkin Ruwa da dattawan tunga su nuna inda kowane itace yake tun suna raye. Sauran dajin kuwa a bar wa kifi abinsa.