Yadda Taga Ke Sulalawa a Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Yelwa ya ga yadda jirgi ke isowa daga gungu. Matuƙi ba ya tahowa a guje ya daki gaɓa. Tun daga nesa yake rage wuta, har jirgi ya kwanta lumui. Irin wannan natsuwar mai rubuta manhaja yake nema in zai matsar da taga daga wannan gefen fuskar kwamfuta zuwa wancan.

Da farko a sani, tagar ba tafiya take yi ba. Yawancin kwamfutoci suna sabunta hoton fuskarsu sau 60 a sakan guda, kowane hoto kuma tsayayye ne. Ido ne ke ɗinke su ya ga motsi, kamar yadda fim ɗin sinima ke yi da hotuna 24 a sakan. Ke nan in ana son taga ta ci ɗigo 600, cikin ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton fuskar, a rabin sakan, hotuna 30 ake da su, kowanne ta gusa ɗigo 20. A Windows, umarnin SetWindowPos ne ke ajiye ta a sabon gurbi.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne ƙirga taku maimakon duba agogo. Tsohuwar kwamfuta sai ta ja ƙafa, sabuwa kuma ta fizge tagar. Gwani kuwa, kafin kowane hoto sai ya duba lokacin da ya shuɗe, ya lissafa inda ya kamata tagar ta kai. Ko an tsallake hoto ɗaya, za ta isa a kan kari.

Saura gudun kansa. Tafiyar ɗigo 20 daga farko har ƙarshe sai ta zo a sandare, don babu abu mai nauyi da ke tashi ko tsayawa farat ɗaya. Masu zanen Disney, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun sanya wannan cikin ƙa'idoji 12 na zanen motsi a littafinsu na 1981: a soma a hankali, a ƙara sauri, a sassauta dab da isowa.

Saurayin da ke koyon manhaja a Yauri ko Ngaski, in lissafin ya ɗaure masa kai, ya gangara bakin ruwa ya zuba ido. Matuƙan Gungawa, mutanen gungu, sun daɗe suna yin sa da filafili.