Siririn Bututu A Jijiyar Jariri

Sau da yawa mukan ji an ce wance ta haifi bakwaini, an kwantar da shi asibiti, an sa masa roba a cibiya. Iyaye kuwa in sun tsorata, malamin makaranta ko akawu sukan tambaya. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana al'amarin.

Hanjin bakwaini bai yi ƙwarin da zai narkar da nono isasshe ba, ruwan abincin da a kan ɗura masa kuwa yana da ƙarfi, yakan ƙone ƙananan jijiyoyi. Shi ya sa likita kan zura wani siririn bututu ta cibiya, ko hannu, ko ƙafa, har bakinsa ya kai babbar jijiya kusa da zuciya, inda jini ke da yawa. Wani likitan Jamus, Forssmann, ya gwada zura bututu har zuciya a jikin kansa cikin 1929. Cikin 1968 kuma Likita Dudrick na Amurka ya nuna jariri na iya girma da abincin jijiya kaɗai.

Amma fa hanyar da abinci ya bi, ita cuta ke bi. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar mutum sukan hau bututun su shiga jini, kuma gwargwadon daɗewarsa, gwargwadon hatsarinsa. Jini yakan daskare a bakinsa. In na cibiya ne, gudan jinin yana iya toshe jijiyar hanta, ba a sani ba sai bayan shekaru yaro ya soma aman jini.

Abin da ya fi ba likitoci tsoro shi ne bakin bututun ya zarce cikin zuciya. Bangonta a jariri ba kauri, sai ruwan ya tsiyaya cikin jakar da ke lulluɓe da ita, ya matse ta har ta kasa bugawa. Wannan ba ya cika faruwa, amma in ya zo, farat ɗaya yake zuwa. Bayan jarirai huɗu sun mutu ta haka a wajen Mancesta, cikin 2001 Ma'aikatar Lafiya ta Ingila ta ba da shawara kada a bar bakin bututu cikin zuciya. Shi ya sa a kan ɗauki hoton ƙirji a duba inda ya tsaya.

To, in nas ta hana kaka taɓa robar, ko ta ce kowa ya wanke hannu, ba raini ba ne. Uwa kuwa in ta ga wurin ya kumbura, ko jikin jariri ya saki, ko ya yi sanyi, sai ta kira nas nan take, kada ta jira zagayen likita.